Fangali, Buhu ko Bokiti: A Ina Za Ka Fara Shuka Kayan Miya a Gida a Zariya?

Daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da tumatirin rani ya ƙare na damina bai nuna ba, kayan miya kan yi tashin gwauron zabi a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada. A daidai nan za ka ji mutane suna cewa su ma bana sai sun shuka nasu a gida. Da yawa sukan sayo irin a ranar, su dawo su tsaya tsakar gida suna dube-dube, don ba su yanke inda za su zuba shi ba. Wani ya ce a sassabe ƙasa a yi fangali irin na 'yan lambu, wani ya ce buhu ake yayi yanzu, wata kuma ta ce ita a bokitin fenti ta ga maƙwabciyarta na yi. Duk ukun suna ba da abin miya. Sai dai kowanne da gidan da ya dace da shi, kuma a Zariya abin da ke raba gardamar galibi ruwa ne.

Abin da za a auna kafin a saya komai

Ruwa ne farko. Damina a nan takan kankama daga Mayu zuwa farkon Oktoba, abin da ke sauka a shekara kuma yana kewayen milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Sauran watannin kuwa duk ɗigon da shukarka za ta sha daga hannunka zai fito. A rani, murabba'in mita ɗaya na shuka yakan sha lita 5 zuwa 7 a rana. Ke nan fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai cinye kusan jarka ɗaya mai lita 20 kullum. Mai rijiya ko bohol ba zai ji wannan a jikinsa ba. Wanda 'yan garuwa ke kawo masa kuwa, ya ɗauki kuɗin jarka ɗaya ya ninka sau talatin, ya gwada da abin da yake kashewa a alayyahu a wata, sannan ya yanke shawara. A tuna kuma rijiyoyi da yawa kan ja baya a Maris da Afrilu, daidai lokacin da shuka ta fi ƙishi.

Na biyu rana. Tumatir, attaruhu, tattasai da kuɓewa suna son rana ta awa 6 ko fiye. Ganye irin alayyahu, lalo da na'a-na'a suna haƙuri da ƙasa da haka. Gidajen cikin birni masu doguwar katanga da ƙuntataccen tsakar gida sau da yawa rana ba ta sauka a wuri guda sai ta awa uku ko huɗu, sannan ta koma wani lungun. Ka lura da wannan yini guda kafin ka ɗauki fartanya.

Sai kuɗin farawa, da tsawon lokacin da abin zai yi kafin ya lalace, da yawan wahalarsa. Na ƙarshe haɗari: kaji, awaki, ƙadangaru, gara, cutar ƙasa, da mai gida idan haya kake.

Fangali a ƙasa

Wannan ita ce hanyar da 'yan lambun bakin Galma da Kubanni da madatsar Shika suka gada, kuma ba banza suka riƙe ta ba. Saiwa tana samun inda za ta nutsa, ƙasa tana riƙe laima, idan ka yi tafiyar kwana biyu ba za ka dawo ka tarar da komai a kwance ba. Wajen yawan amfani babu mai kama ƙafarta. Kuɓewa a ƙasa takan fi ta buhu tsayi da yawan 'ya'ya, karas yana samun zurfin da yake so, kabewa da kokwamba suna samun wurin yaɗo.

Kuɗinta kaɗan ne idan akwai filin: fartanya, manjagara, buhun taki ɗaya ko biyu na kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe. Abin da ke cin kuɗi shi ne shinge. Fangali marar shinge a gidan da ake kiwo, ka dai noma wa akuya ne. Kaji ma ba sa buƙatar fiye da minti goma su tone irin da ka kwana kana tattali. Zana ko karan dawa suna yi na shekara ɗaya, waya ta fi daɗewa ta kuma fi tsada.

Akwai dabarar da mai koyo kan tsallake. Fangalin rani da na damina ba ɗaya ba ne. Na rani a kwarin ƙasa ake yin sa, a ɗaga masa gefe kamar taƙi ɗaya domin ruwan da aka zuba ya tsaya a ciki. Na damina kuwa tudu ake yi ko kunya, don ruwan Agusta ya wuce ta gefe. Wanda ya bar fangalin rani ya shiga damina da shi zai ga tumatirinsa a tsaye cikin tabki, ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe.

Ƙasar gidajen Zariya ma sai an yi mata aiki. A wurare da yawa jar ƙasa ce mai tauri, wani wurin da marmara a ƙarƙashi, idan ta sha ruwa ta bushe sai samanta ya yi ɓawo. Ƙananan iri kamar na alayyahu da latas da karas ba sa iya fasa wannan ɓawon. Maganinsa taki mai yawa, da ɗan yashi ko ɓuntun shinkafa, da rufe fangalin da busasshiyar ciyawa har iri ya tsiro. Sabon gida kuwa a duba da kyau, don ƙarƙashin tsakar gida sau da yawa ɓaraguzan bulo ne da siminti.

Babban haɗarin ƙasa shi ne wanda ido ba ya gani. Akwai ƙananan tsutsotsi da ke shiga saiwar kuɓewa da tumatir su sa ta yi ƙulli-ƙulli. Za ka ga shuka ta tsumbure, tana yaushi da rana ko da ƙasa na da laima, sai ka tuge ta ka ga saiwar duk ƙuraje. Idan sun kama wuri ba sa barinsa da wuri, shi ya sa ba a maimaita tumatir ko kuɓewa a fangali ɗaya shekara bayan shekara. A juya da albasa ko masara. Ga kuma ciyawa, wadda a damina take rigan alayyahu fitowa.

Buhu

Buhu shi ne mafi arhar hanya ga wanda gidansa siminti ne ko intalok. Fankon buhun shinkafa ko na masara ko na abincin kaji mai cin kilo 50 ya isa. A naɗe bakinsa ƙasa, a cika shi da haɗin ƙasa zuwa tsayin santimita 30 ko 40, a ɗora shi kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga. Haɗin da ke aiki: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi ko ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, sai an tara shi an riƙa jiƙawa ana juyawa har ya huce, ya daina wari mai hawa kai. Ƙasar juji tana da ƙarfi amma a tankaɗe ta, saboda kwalba da leda da tsohon batir.

Wasu sukan cika buhun har baki, su jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa zuwa sama domin ruwa ya ratsa, sannan su huda gefe su dasa ganye a ramukan. Yana da kyan gani a hoto, kuma yana yi wa latas da alayyahu da albasa mai lawashi. Amma ga mai koyo ni ban cika ba da shawararsa ba. Na sama yakan sha ruwa ya ƙoshi, na gefen ƙasa ko ya bushe ko ya jiƙe sharkaf, kafin mutum ya gane ma'aunin ya yi asarar rabi.

Buhu ya fi fangali tattalin ruwa ta fuska ɗaya, domin abin da ka zuba a gindin shukar yake zama, ba ya malala. Ta wata fuskar kuma yana saurin bushewa, saboda iska na dukansa ta ko'ina. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, za ka taɓa sama ka ji da danshi alhali gefen ya bushe ƙamas. A jera buhunan su jingina da juna, hakan na rage wannan. Kullum sai an ba shi ruwa, a bazara ma wani lokaci safe da yamma.

Rauninsa ƙarko. Rana tana cin ledar buhu, ta yi fari-fari ta fara marmashewa, yawanci kafin shekara ta zagayo. Ranar da ka ce bari ka ja shi ka matsar da shi inuwa, ranar zai yage ƙasar ta zube. Saboda haka ka ajiye shi tun farko inda zai zauna. Ƙasar kuwa ba ta lalace ba, za a juye ta a sabon buhu a ƙara mata taki. Buhun da aka taɓa zuba hatsi mai maganin ƙwari a ciki, ko wanda ba ka san abin da ya ɗauka ba, ka bar shi.

Bokiti, roba da randa

Bokitin fenti mai lita 20 ya isa gindin tumatir ɗaya, ko attaruhu ɗaya, ko yalo ɗaya. Ɗaya nake nufi. Kwaɗayin cusa uku a ciki shi ke sa a tashi da dogayen karare marasa 'ya'ya. Ganye kuwa ba ya buƙatar zurfi, tsohon baho ko jarkar da aka tsaga gida biyu mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ta wadatar da alayyahu da latas da lansir.

Idan saye za ka yi, bokiti ya fi buhu tsada nesa ba kusa ba, amma yana shekaru yana aiki kafin rana ta sa shi tsagewa. Fifikonsa na gaske shi ne yana ɗaukuwa. Mai ƙuntataccen tsakar gida zai bi rana da shi. Idan aka yi mako ana tafka ruwa a Agusta sai a ja shi ƙarƙashin rumfa. Ɗan haya a Samaru ko Palladan ko Hanwa, ranar tashi sai ya saka lambunsa a motar kaya tare da katifa. Ana kuma iya ɗora shi kan benci ko dakali inda kaji ba sa kaiwa.

Wajen huda shi a yi hankali. A ɗora ƙusa a wuta, a yi ramuka biyar ko shida a gefe, kamar yatsa biyu daga gindi, maimakon a ƙarƙashi. Haka ɗan ruwa zai riƙa saura a ƙasa ya taimaka da rana, rarar kuma ta fita. Bokitin da ba a huda ba yana kashe shuka cikin kwanaki. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, baƙar roba kan ɗauki zafin da ke dafa saiwa, don haka fara ta fi, ko a naɗe ta da tsohon buhu. A nan tsagaggiyar randa ko tulu sun fi roba, domin jikinsu na numfashi yana sanyaya ƙasa, sai dai suna shan ruwa da yawa kuma ga nauyi. A wanke bokitin fenti tas. Jarkar baƙin mai ko ta maganin feshi kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka shuka abin ci a ciki.

Ƙasar bokiti 'yar kaɗan ce, abincinta na saurin ƙarewa. Duk mako biyu ko uku sai an ƙara ɗan taki a sama. Na'a-na'a dai bokiti ne gidanta ko da kana da fili, don idan ta samu ƙasa sai ta mamaye fangalin gaba ɗaya. Ita kuma ba a wahalar da kai da irinta, reshe ake tsinka a dasa.

| Ma'auni | Fangali | Buhu | Bokiti ko roba |
|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan, sai dai shinge | Mafi arha | Mafi tsada idan saye za a yi |
| Ruwa | Da yawa, amma yana jure fashi | Matsakaici, kullum | Kaɗan, kullum ba fashi |
| Ƙarko | Muddin filin naka ne | Ƙasa da shekara a rana | Shekaru |
| Wahala | Haƙa da cire ciyawa | Haɗa ƙasa da cikawa | Ban ruwa da ƙarin taki |
| Babban haɗari | Dabbobi, tsutsar saiwa, kwanciyar ruwa | Yagewa, bushewar gefe | Zafin saiwa, toshewar rami |
| Yawan amfani | Mafi yawa | Matsakaici | Kaɗan |
| Ɗaukuwa | A'a | Da ƙyar | Cikin sauƙi |

Irin kansa

Ko wacce hanya ka ɗauka, mugun iri zai kunyata ka. Zariya ba ta da ƙarancin wurin nema. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da irin da sunansu ke farawa da SAM, kamar SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake. Akwai kamfanonin iri a garin, da shagunan kayan noma a Samaru da Sabon Gari, ga kuma masu auna iri da murfin kwalba a kasuwa.

Na awo ya fi arha, kuma ga alayyahu, rama, lalo da yakuwa ya wadatar. Matsalarsa ba ka san shekarunsa ba. Irin albasa musamman ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Gwajin mai sauƙi ne: ƙirga ƙwaya 10, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kana yayyafa masa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe. Bakwai ko takwas suka tsiro, shuka abinka. Uku ne, nemi wani. Na fakiti ko gwangwani, irin su tumatir UC82B da Roma VF, ya fi tabbas, a dai duba ranar ƙarewarsa. Wanda aka rubuta F1 a jikinsa aure aka yi masa, yana ba da amfani sosai kuma ya fi tsada, amma idan ka ɗebi iri daga 'ya'yansa ka sake shukawa ba zai fito kamar uwarsa ba. Irin da ka ga an rina shi ja ko kore magani ne a jikinsa, a ɓoye shi daga yara da kaji, a wanke hannu bayan shuka.

Kuɓewa, karas, kabewa da kokwamba kai tsaye ake shuka su inda za su zauna, ba sa son dashe. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya, a saka ƙwaya biyu ko uku a rami, in sun fito a bar mai ƙarfi. Tumatir, attaruhu, tattasai, kabeji da latas kuwa reno ake fara yi musu, wato a tsirar da su a wani wuri dabam kafin a dasa su. Tumatir mako 3 zuwa 4 ya isa dashe. Attaruhu mai nawa ne, yakan yi mako biyu ko fiye kafin ma ya leƙo, renonsa kuma ya kai mako 6 zuwa 8, a nan ne masu gajen haƙuri ke zubar da ƙasar su ce irin ya mutu. Ko mai fangali ma gara ya yi renonsa a baho, inda zai iya ɗaga shi sama ya lulluɓe da tsohon gidan sauro, saboda ƙadangaru.

Kada a binne iri da zurfi, ninki biyu ko uku na kaurinsa ya isa. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu sheƙi, idan ka watsa su haka nan za su taru wuri guda su fito cunkus. Ɗebi cokalin shayi ɗaya ka cuɗa da yashi cikin tafin hannu biyu, ka barbaɗa, ka danna da tafin hannu, ka rufe da ciyawa. Ruwan kuma ta saman ciyawar za a yayyafa, da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa, don buta na tone irin. Kwana uku zuwa biyar za ka ɗaga ciyawar ka ga jajayen tsirrai sun cika wurin, a ranar za a janye ta, in ba haka ba su yi tsawo su sirance. Ɗoɗɗoya ma haka, ita ko rufewa da ƙasa ba ta so sosai. Idan ka ga tsiro gindinsa ya sirance ya yi duhu ya faɗi, ruwa ya yi yawa kuma sun matsu. A rage ruwan, a rage su. Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar.

Lokaci, da abin da bai kamata a fara da shi ba

Tsadar tumatir ce ke jawo yawancin mutane, amma lokacin tsadar shi ne mafi munin lokacin koyon nomansa. Zafin bazara na kakkaɓe furensa, laimar damina na kawo cutar ganye, farin ƙuda na ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen. Ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tumatir da latas da kabeji da karas da albasa na sanyi ne, a yi reno a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, karas kuwa a shuka shi kai tsaye, a ci a hunturu. Irin latas ma idan zafi ya kai wajen digiri 30 ƙin tsirowa yake. A damina a fara da alayyahu, wanda ake yanka cikin mako 4 zuwa 5, da kuɓewa mai fara 'ya'ya wajen wata biyu, da rama, lalo da yakuwa. Ƙwarin ganye kuma jiƙaƙƙen dakakken 'ya'yan darbejiya ko ganyenta yana rage su, a fesa da yamma.

Wa ya dace da wanne

Mai gidan kansa da rijiya ko bohol da fili a bayan gida, kamar yadda ake samu a gidajen ma'aikata na Samaru da Kongo ko sababbin unguwanni, ya yi fangali, ya fara da shinge kafin iri. Idan ruwan saye yake sha, ya yi fangalin a damina kawai, rani ya koma bokiti.

Uwargidan da tsakar gidanta siminti ne kuma miyar ganye take so a kai a kai, buhu huɗu ko biyar sun ishe ta: biyu alayyahu da tazarar mako biyu tsakanin shukarsu don kada su zo lokaci guda, ɗaya kuɓewa, sauran lalo ko yakuwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye a tara a bokiti, zai ɗauke rabin ban ruwan. Ruwan omo dai kada ya taɓa su.

Ɗalibi ko ɗan haya mai ɗaki ɗaya da ɗan baranda, bokiti: attaruhu ɗaya, na'a-na'a ɗaya, ɗoɗɗoya ɗaya, baho ɗaya na albasa mai lawashi. Mai yawan tafiye-tafiye da ba shi da wanda zai bar wa ban ruwa, ya guji bokiti da buhu a rani, ya jira damina ya shuka a ƙasa. Gidan da awaki ke yawo sake kuwa, ko dai bokiti a kan dakali mai tsayi, ko a fara sayen waya.

Wanda kuma tumatir ne kawai ya kawo shi, ya yi alayyahu da kuɓewa a buhu wannan daminar, hannunsa ya saba da ruwa da taki, ya tanadi fararen bokitai uku da irin fakiti, ya zuba renonsa a makon ƙarshe na Satumba.